Littafin Venice a Hannun Bashir

Lahadi da dare, Nuwamba 2014

Yau na je gidan abokina Bashir a titin Grand Concourse, na dawo zuciyata a cunkushe. Ashe shi ya saye littafin nan na dokokin fatake, bugun birnin Venice na ƙarshen ƙarni na sha shida, wanda na shekara biyu ina leƙawa a shagon tsofaffin littattafai. Ni fa na koya masa wannan harka tun muna makarantar lauyoyi, ni na nuna masa yadda ake gane bangon fata na asali. Shi da ko Latin, harshen littafin, ba ya ji!

Ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Yaya Nuhu, karanta mini shafin farko." Na karanta. Na ce Allah ya sanya albarka, amma iyakarta baki.

Da zan fito ya ce in tafi da shi in yi sati ina dubawa. Na ce ba ni da lokaci. Ƙarya na yi. Tsoro nake ji kada in kasa mayar masa. Astagfirullah.