Zangarniyar Shinkafar da Ka Jefa a Shara

Zuwa ga Alhaji, wakilin gidan hayarmu na unguwar Karama, a nan ƙasar waje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na rubuto a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a ka yi abin.

Na ɗaya. Ranar Talata ka tsinke zangarniyar shinkafar da maƙwabciyata Sabita ta rataye a ƙofarta, ka jefa a shara, ka ce tsafi ne, ka ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta da 'ya'yanta biyu. Ba ka tambaye ta komai ba. Zangarniyar nan daga girbin da mahaifinta ya yi na ƙarshe ce kafin ya rasu.

Na biyu. Ni na je garinsu, Bargarh ta jihar Odisha a gabashin Indiya, bikin ƙanwarta. Alhaji, a Kadawa na girma, ina ganin na san shinkafa. Da na tsaya a bakin magudanar ruwansu, gonaki kore shar har inda ido ya gaji, balbelu kamar an watsa auduga, ban iya komai ba sai tasbihi. Na ga masaƙa suna ɗaure zare su rina shi tun kafin a fara saƙa, sai kifi da fure su fito a jikin zane, babu zaren da ya kauce. Na riski ranar cin sabuwar shinkafa. Babu mai kai loma baki sai babban gida ya raba, sannan yara su bi manya da gaisuwa, masu gaba su shirya. Ni baƙuwa mai hijabi, aka ajiye mini tabarmar salla kafin in nema. 'Yar waɗannan mutanen ka wulaƙanta.

Na uku. Addininta ba nawa ba ne. Amma duk karatun da na yi ban ga inda haƙƙin maƙwabci ya tsaya a kan Musulmi ba. Kuma kai jikan manomi ne. Da kakanka yake rataye geron iri a saman murhu, shi ma tsafin yake yi?

Ina roƙon ka janye korar nan, ka ba ta haƙuri a gaban waɗanda ka kunyata ta. Zangarniyar kam ta tafi, motar shara ba ta mayar da kaya.

Yau da safe na rataye zangarniyar geron da na taho da ita daga gida a ƙofata. Idan ka hawo bene, tawa ce ta farko.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da baƙi lafiya, don kai ma baƙo ne a nan.

Wassalam.
Hajiya Rabi, hawa na uku.