Zoben Kaka a Smokvina

Zadar, 9 ga Yuni

Yaya Frane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Anti Vesna da yara, ya sanyin Hamburg? Mu lafiya lau, Baba yana shan maganin zuciyarsa, amma sai na tsaya a kansa.

Yaya, jirgin nan mai tafiya da iska da Baba ya saya zai kashe ni. Ƙarfen gindinsa mita biyu da rabi yake nutsewa! Tashoshi uku muka kira jiya, da sun ji zurfin sai su ce mu yi gaba. A waje muka jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, muka wuni muna rangaji.

Shi ko a jikinsa. Burinsa dai ya ɗaure jirginsa na kansa a zoben ƙarfen da Kaka ya kafa a gaɓar ƙauyensu Smokvina, wanda shekara sittin rabonsa da shi. Na nuna masa taswira ta ce ruwan wurin mita ɗaya da 'yan kai ne. Ya ce masu taswira ba su taɓa iyo a can ba, shi da ya sha nutso, da ƙyar yake taɓo ƙasa.

Ƙanwarka,
Zdenka

Smokvina, 14 ga Yuni

Yaya Frane,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Zauna kafin ka karanta.

Mun kafe! Saura mita hamsin mu kai gaɓa jirgin ya caki yashi, na faɗi kan gwiwa, tukunyar miyar kifi ta kife. Ka san tekunmu ba irin naku ba ne da zai cika ya ɗaga mu. Tsofaffi suka fito kallo. Wani Stipe, abokin wasan Baba, har da ihu wai jirgin yaƙi ya zo cin ƙauye.

Cikin fushi na tambayi Baba shekararsa nawa lokacin da yake wannan nutso. Ya ce bakwai. Bakwai, Yaya! Da tsayin ɗan shekara bakwai ya auna mana teku.

Ban gama mamaki ba na ga ya ƙulla duk igiyoyinmu, ya kama bakin, ya sauka ruwa da rigarsa. Wayyo, na yi ta kiransa bai waiwayo ba. Ya ɗan yi iyo, sai ruwan ya dawo iya ƙirjinsa. Ina ƙirga takunsa, ina tuna maganar likita kan zuciyarsa. Dariya ta ɗauke a gaɓa. Ya hau, ya lalubo zoben cikin tsatsa, ya ɗaure, ya zauna yana kuka. Ni ma na yi.

Masunta sun ja mu zuwa ruwa mai zurfi, mun jefa anga, amma igiyar tana nan daga jirginmu har zoben, ta tare bakin tashar gaba ɗaya. Yau kwana uku, kowane kwale-kwale sai ya ɗaga ta ya wuce ta ƙasa, har na Stipe. Ba wanda ya ce a kwance.

Ka gaida gida.

Taka,
Zdenka