Wayar Baban Hasiya

Yaya Abdulƙadri,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Sabha, na fita takaba ranar Laraba. Ɗakin ne kawai ya yi mini girma.

Yaya, damina ta matso, gidan Inna kuma a bakin ƙorama yake. Na ji rezo, wato sabis ɗin waya, ya iso garinmu, shi ya sa na ba wani direba wayar marigayi baban Hasiya ya kawo maka. Ka sa mata layin gida. A ciki akwai lambar Ɗan Jimma, makiyayin da ke can inda ƙoramar ta taso. Ka riƙa kiransa. In ya ce ruwa ya yi ja yana ɗauko itace, ku kai Inna kan tudu, ko da ba hadari a wajenku.

Akwai muryar marigayi a wayar, yana yi wa Hasiya waƙa. Kullum ita nake kunnawa in zan ci abinci. Na haddace ta yanzu, amma don Allah kada ka goge.

Allah Ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Basira