Tallan da Ke Allon Baba

Litinin, 6 ga Nuwamba

Likita ya ce Baba zai ci gaba da wankin ƙoda, Talata, Alhamis da Asabar. Hannunsa na hagu a miƙe da allurai, ba damar motsi sai an gama. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da harshen Latin, yau ba ya iya juya shafi. Shekaranjiya na tarar yana danne littafi da haɓa. Na kau da kai.

Na ce wa yayana Torben mu haɗu mu saya masa na'urar karatu. Ya ce to. Shi komai "to".

Laraba, 8 ga Nuwamba

Hutuna na rana gaba ɗaya a kan wannan abu ya ƙare, ina bayan kantin maganin da nake aiki da waya a hannu, burodina ya bushe. Iri uku ne. Ƙaramar allonta kamar tafin hannu. Ta tsakiya wai ruwa ba ya ɓata ta, sai ka ce a baho Baba zai yi karatun. Babbar ce mai maɓalli a gefe, da babban yatsa kawai ake juya shafi. Ita nake so.

Sai na lura kowacce farashinta biyu. Ashe mai rangwamen, da zarar ka ajiye ta sai talla ya mamaye fuskarta. Ka saya da kuɗinka, ka kai ta gidanka, ta ci gaba da yi wa kamfanin aiki a gefen gadonka. Tir.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Torben ya riga ya saya. Ta tsakiya. MAI TALLA.

Ko kirana bai yi ba. Na je kai wa Baba miyar dankali na gan ta a kan tebur.

Na ce, "Ubanka ne fa, ba allon tallan tashar mota ba."

Ya ce, "Wiebke, ba a cikin littafin tallan yake ba, sai an rufe. Yuro ashirin ai ba ganye ba ne."

Na ce idan ashirin ɗin ce ta tsone masa ido ga ta. Ya yi murmushin nan nasa mai sa ni jin kamar in jefe shi da cokali.

Baba yana ta shan miyarsa. Tun rasuwar Mama maganarsa ta zama sai an roƙa.

Talata, 14 ga Nuwamba

Ni na kai Baba wankin ƙoda yau. Ruwan sama tun safe.

Ya karanta shafi kaɗan ya ajiye na'urar a cinya, sai ga wani ƙato ba riga, ƙirji kamar an shafa masa mai, ya rungume wata mace a bakin teku. Wai sabon littafin soyayya. A cinyar mahaifina, a gefen bututun da jininsa ke bi.

Tsohuwar da ke kujerar kusa da shi, Frau Janssen, mai jan gashi da muryar masu sayar da kifi, ta miƙo wuya.

"Malam, ashe haka kake? Mu muna nan muna zaton Latin ne."

Na so ƙasa ta buɗe. Na kife na'urar.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Torben ne ya kai shi. Ban kira ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Na je gyara wa Baba gida. Yana barcin rana, na'urar na kan teburin gefen gado, kusa da hoton Mama. Abin da ke fuskarta: littafin yadda mutum zai kintsa kayansa kafin ya mutu, don kada ya bar wa 'ya'yansa wahala. Da hoton wata kujera fayau, ba kowa a kai.

Na san inji ne, bai san waye Baba ba. Ko kuwa ya sani? Wannan ya fi muni.

Na ɗauke ta na shiga kicin. Ashe ana iya biya a cire. Na biya. Yanzu idan an rufe, hoton alƙalami ne kawai, tsaf. Na mayar da ita inda take. Ban gaya wa kowa ba, kuma ban ga dalilin da zan gaya ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ana gama sa masa allurai Frau Janssen ta tafa hannu ɗaya a cinya. "To Malam, wa aka kawo mana yau?"

Wani dattijo da ke can gefen taga, Herr Özkan, tsohon direban bas, har ya sa tabarau.

Baba ya ɗago na'urar. Alƙalami. Ya kashe ya kunna. Alƙalami.

Frau Janssen ta ce, "Kai! Sun kori saurayina."

Ma'aikaciyar jinya ce ta yi min bayani a ƙofa. Wai kwanan nan su ukun sun ƙirƙiro wasa. Duk hoton da ya fito, kowa sai ya faɗi labarin da ke cikin littafin, wanda ya fi iya shirga ƙarya shi ya ci. Ta ce ranar Asabar Baba ya yi ta zuba har injin ya yi ƙara don ya motsa hannu. Ta ce, "Ban taɓa sanin mahaifinki yana da haƙora ba."

Na ce mata ai shirme ne. Shirme ne mana.

Daga alƙalamin nan ba wanda ya ƙara magana a ɗakin. Herr Özkan ya yi barci baki buɗe.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

A mota Baba ya tambaye ni, idonsa a kan titi.

"Ke ce?"

Na ce ni ce. Na kawo maganar littafin kujerar nan, na ce ba zan zuba ido inji yana yi masa tallan mutuwa ba.

Ya ce, "Wannan ai mun yi shi. Özkan ya ce matar marubucin ce ta gudu da sauran kujerun."

Na ce ba abin dariya ba ne.

Ya ce, "Wiebke, ke kike zaɓa min abin da zan ci. Ke kike auna min ruwan da zan sha. Wannan na yarda, aikinki ne. Amma abin da zan yi wa dariya, bar min."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Muka isa. Na shigar masa da jaka, na fito, na zauna a mota ina kallon ruwa yana bin gilashi. Ni ce fa mai wanki, ni ce mai bin layin magani. Torben ya danna maɓalli ɗaya a waya ya zama ɗan albarka.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Wata mata ta zo kanti tana neman man shafawar da ta gani a talla. Na kusa yi mata tsawa. Ba ta yi min komai ba.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Na kira Torben. Na ce, ba wai don wani abu ba, ana iya mayar da tallan?

Na ji yana danne dariya. Na ce idan ya kuskura ya yi ta zan kashe wayar.

Ya ce ana iya, amma kuɗina sun tafi kenan. Ya bi da ni mataki mataki, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Can ya ce ranar Asabar da ta wuce, da ya kai Baba, sai da ya fita ya zauna a bakin matakala, don ba ya iya kallon alluran. Ya ce kullum haka yake yi. Ban sani ba. Ni na ɗauka sigari yake fita sha.

Wato na biya kamfani ya cire ƙazanta, sannan na roƙe shi ya mayar kyauta. Kada wani ya ji.

Talata, 28 ga Nuwamba

Yau a allon wata mace ce da doguwar riga ja, tana gudu a cikin dusar ƙanƙara, kerkeci na bayanta. Mummunan zane, ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Herr Özkan ya ce bas ɗin ƙarshe take bi. Frau Janssen ta faɗi abin da ba zan rubuta ba. Baba ya kawo wani dogon tarihi na sarauniyar da aka kora.

Sai ya juyo min da allon. "Saura ke."

Na ce ni ba na ciki. Frau Janssen ta ce, "Ƙyale ta Malam, wannan ko tana jaririya ba ta yi wasa ba."

Ban san ya aka yi ba, na ji bakina ya ce kerkecin ƙanenta ne, kyauta mai rangwame ya sayo mata.

Frau Janssen ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo mata ƙanƙara ta tsotsa. Baba ya ce ƙanenta ko yayanta? Na ce ya ji da allurarsa.

Wai ni na ci.

Har yanzu abin ƙyama ne, ban canja ra'ayi ba. Asabar ranar Torben ce, amma na ce masa zan biyo su, tunda wani ya kamata ya zauna a ciki.