Suna Kirana Waliyyiya, Ni Kuwa Na San Kaina

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kunya za ta kashe ni. Uwar mijina ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke jinyarta: wanka, juyi, ba ta abinci a baki, kwashe bayan gida. Matan majami'armu suka laƙa mini suna Waliyyiya. Da fasto ya yi wa'azi a kan tsarkaka, matar da ke gefena har zungurina ta yi, wai da ni ake. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba su san komai ba. Ina wanke zanin gadonta ina tsaki. Wani lokaci in ji tana kirana in yi kamar ban ji ba. Shekaranjiya, na gama shimfiɗa mata sabon zani ke nan ta sake ɓata shi, na daka mata tsawa irin wadda ko yaro ban taɓa yi wa ba. Tsohuwar nan ta yi ta hawaye, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya tana ba ni haƙuri. Ita ke ba ni haƙuri, Gwaggo!

Ni ke wanke ƙoƙunan Jibin Ubangiji, waɗanda muke sha da su a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu, amma yanzu in an miƙo mini ƙoƙon sai in wuce da shi ban sha ba. Mijina bai lura ba. Ina tunanin in daina zuwa majami'a gaba ɗaya. Ina ni ina zama cikin tsarkaka?

Mai Sunkuyar da Kai

*

'Yata, ɗago kanki. Tsawar nan laifi ce, ba zan shafa miki mai a baki ba. Ki durƙusa gaban Mama yau ki roƙi gafararta, ki roƙi ta Allah.

Amma kin yi wa kalmar gurguwar fahimta, matan nan ma haka. A bangaskiyarmu, tsarkaka ba marasa kuskure ba ne. Su ne waɗanda Almasihu ya fansa, Allah ya keɓe wa kansa. Ƙoƙunan da kike wankewa, ba sa yin datti ne? Suna yi. Wanke su kike yi ki mayar, don kin san na wane ne. Kada ki ƙara bari a wuce da ƙoƙon, masu bukatar wanki aka shirya wa teburin Jibin Ubangiji.

Sannan ki lura, tsarkaka ake cewa, jama'a guda, ba mace ɗaya da bahon wanki ba. Gajiya ce ta yi miki yawa. Ki zaunar da mijinki ki faɗa masa gaskiya, shi da 'yan'uwansa su ɗauki nasu kwanakin, ai uwarsu ce. Matan da ke zungurinki kuwa, duk wadda ta sake kiranki Waliyyiya, ki gode mata, ki ce ranar Asabar akwai wanki, ta zo da sabulunta.

Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya ba ki hutu.