Kwalbar Maganin Tari

Yaya Umaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aikin Kaduna. Mu nan Gwandu sai godiya.

Ƙaninmu Sani ne ba daɗi. Tun rasuwar matarsa ba ya barci, ba ya zuwa gona, sai magana shi kaɗai. Na hau keke har Kalgo neman likitan da ya san ciwon tunani, don can ba a san ni sosai ba. Ashe ɗakin shan magani ne kawai, kuma ta taga ake tambayar mutum gaban jama'a. Ina waigawa sai ga surukina na Dangoma a bayana. Malamin asibiti ya ce, "Malam, me ke damunka?" Na ce tari. Ya miƙo mini kwalbar maganin tari, na dawo gida da ita.

Inna ta karɓi kwalbar da murna, a zatonta maganin ciwon Sani ne, na kasa faɗa mata gaskiya. Safe da yamma take ba Sani, tana sa mini albarka. Maganin ya kusa ƙarewa, ta ce in koma.

Don Allah ka bincika ko akwai likitan da ke ganin mutum cikin ɗaki. Ka gai da Kawu Bello. A sa Sani a addu'a, har da ni.

Ƙaninka,
Abdu