Giwayen da Ba Su Kaɗa Kunne Ba

Zuwa ga ’yata Haikaeli,

Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifinki, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Rumisha da jikana Elisante. Allah ya raba ku da sharrin sanyin Kanada, ya sa albarka a aikinki na asibiti. Mu nan Serengeti sai godiya. Ƙafar kawunki Ndesamburo ta warke har ya koma gona, ayabar gida a Machame, ƙauyenmu na kan dutse, kuma ta yi kyau bana.

Kin san ubanki. Aji biyu na yi a sakandare na ajiye littafi, na sauko daga dutse da wando ɗaya. Na wanke motocin mutane a Arusha, na yi dakon tantuna, na koyi tuƙi ba wanda ya zaunar da ni, Turanci da ɗan Jamusancin da nake ji ma a bakin baƙi na tsince su. Yau ga masauki nawa na kaina, tantuna masu bahon wanka da gadon katako, mutane na tsallako teku don su kwana a ciki su ji kukan zaki. Ko igiya ba wanda ya ba ni. Amma abin da na fi taƙama da shi, ban taɓa nuna wa baƙo kututture na ce zaki ne ba. Direbobi da yawa suna yi, in rana ta take daji ya yi tsit, sai su nuna ciyawa can nesa su ce ga kunnen damisa, baƙo ya ɗauki hoto yana murna. Na taɓa sallamar direba a kan haka. A wurina in babu, babu.

To ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Idon mahaifiyarki ya ja baya fiye da yadda take gaya miki a waya. Likita a Moshi ya ce suga ya riga ya yi ɓarnarsa, ganin da ya rage kaɗan ne, kuma ba zai daɗe ba. A hanyarmu ta dawowa na ce ta faɗi abin da ranta ke so, ko bakin teku ne a Zanzibar. Ta ce ita tun tana da ƙuruciya take gasa burodin da ake kai wa waɗanda suka sauko daga balan-balan, ƙaton nan mai wuta da ke ɗaga baƙi sama a cikin kwando, suna ba da labarin sama tana wanke musu kofuna. Wai tana so ta shiga kwandon nan sau ɗaya, ta ga giwa daga bisa, ta san ko giwar ma tana da sanƙo kamar ni mijinta.

Ban tsaya wata-wata ba. Na kama kwando sukutum wurin Mollel, matuƙin da na fi yarda da shi. Na bincika inda giwaye suke kwana a bakin kogi. Na sa aka shirya tebur ƙarƙashin wata bishiya inda za mu sauka, da farin ƙyalle da tukunyar mtori, faten ayaba da nama irin wanda take so. Komai na tsara, abu ɗaya na manta: iska ba ma’aikaciyata ba ce.

Haika, ban san yadda zan kwatanta miki tashin nan ba. Na sha tura baƙi, amma ni ban taɓa hawa ba. Ba ka jin ka tashi, ƙasa ce take sakinka ta yi ta nutsewa a hankali. In Mollel ya kashe wuta sai duniya ta yi shiru, har kana jin kukan tsuntsu daga ƙarƙashin ƙafarka. Hazo ya kwanta a kwaruruka fari fat kamar nono a ƙwarya, kawunan bishiyoyi na iyo a ciki. Da rana ta leƙo sai ciyawa ta zama ruwan zinariya, inuwarmu na tafe a kai ba sauti. Mahaifiyarki ta riƙe hannun rigata, ta ɗaga fuska tana shan ɗumin wutar, ta ce in haka mutuwa take to ba ta da muni. Na ce ta bar wannan zancen.

Sai iska ta juya. Kogi ya koma bayanmu, da giwayensa da teburina, muka nufi fili fetal inda ko barewa babu, domin garken dabbobi duk sun yi arewa. Na raɗa wa Mollel ya yi wani abu. Ya ce, dattijo, wuta ce a hannuna, sitiyari na wurin Mai Sama. Hawa ɗaya matar nan ta roƙa a duniya, ga shi na kawo ta kallon ciyawa.

Ana cikin haka ta miƙa hannu ta ce, Baban Haika, ga su can. Na duba. Wasu duwatsu ne baƙaƙe a jere, na san su kamar tafin hannuna, na sha cin abincin rana a kansu. Mollel ya ɗaga kai ya ƙura wa wutarsa ido. Gaskiya ta zo min har bakin haƙori, sai na ji kaina ina cewa e, su ne. Na ce babbar da ke gaba uwar garke ce, haurenta na hagu ya karye. Na ce ga ƙarami a ƙarƙashin cikinta yana tuntuɓe da hancinsa, ga wata tana watsa ƙura a baya. Ina faɗa, inuwar gajimare na wucewa a kansu, har ni kaina na ga kamar suna tafiya. Ta yi dariya ta ce lallai sanƙon nan iri ɗaya ne da nawa.

Mun sauka nesa da kowa. Kafin mota ta iso muka zauna a ciyawa, muka jingina da kwando. Can sai ta ce, tsoho, giwayen nan naka akwai ladabi, ko kunne ba su kaɗa ba. Na fara cewa sanyin safe ne, ta dafa min gwiwa. Wai duk shekarun nan ta ɗauka rashin iyawa ne ya hana ni ƙarya, ashe gwani ta aura. Ta ce ba ta yi asara ba, nawa sun fi na baƙi kyau. Sannan ta ce in kin zo a makare, haka zan zauna in ba ta labarin fuskarki.

Wannan kam ba zan yi ba, ’yata. Dutse na iya mayarwa giwa, amma fuskarki da ta yaron nan ba ni da bakin da zai zana su. Kada ki jira Kirsimeti lokacin da kowa ke komawa gida. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ki nemi hutu yanzu, ki zo tun tana iya ganinki da kanta.

Ki gaishe da Rumisha, ki shafa min kan Elisante. Gwaggonki Eliaichi da kawunki suna gaishe ku, Mollel ma ya ce a miƙa tasa.

Saura abu ɗaya. Taswirar da kike gyara mana a shafin masauki na intanet, duwatsun nan ba su da suna a cikinta. Mahaifiyarki ta ce a sa nata tunda ita ta fara ganinsu. Na ce gani kowa na iya gani, amma tun da Allah ya ajiye su a wurin, ni kaɗai na tashe su suka yi tafiya. Ki rubuta Giwayen Elibariki Urassa, da manyan baƙi, yadda in kin zo mahaifiyarki za ta iya karantawa.

Mahaifinki,
Elibariki Urassa